KWAƊO BAI SAN ƊAN KOWA BA

Daga Malamin Lissafi na Ƙaramar Sakandare

Duk wanda ya bi ta gaban aji biyu a wata ranar Alhamis ta zangon farko zai yi zaton malami bai zo ba. An ture tebura gefe, yara sun dunƙule tara-tara, wasu a durƙushe a ƙasa, kowa yana magana. A kan teburin malami kuwa akwatin ƙarfe ne, irin wanda 'yan makarantar kwana ke zuwa da shi, an datse shi da kwaɗo har uku. Kwaɗon kulle ƙofa nake nufi, ba na bakin rafi ba. Ni kuma ina tsaye a jikin taga, hannuwana a baya, ko alli ban riƙe ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta kai ɗakin malamai. Wani abokin aikina ya ce mini cikin raha, amma na san da gaske yake, "Malam, iyaye sun biya kuɗin makaranta don a koya wa 'ya'yansu lissafi ne, ko don a koya musu fasa akwati?" Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce 'yarta ta koma gida tana ta ba da labarin wasa, ita kuwa ta duba littafinta ba ta ga an rubuta komai ba a ranar.

Waɗannan tambayoyi biyu suna kan hanya, kuma sun cancanci amsa. Shi ya sa da kwamitin wannan mujalla ya ba ni fili, na ga ya kamata in yi bayani a gaban ɗalibai, da 'yan'uwana malamai, da iyayenmu. Ra'ayina shi ne, kowane aji a makarantar nan ya sami irin wannan darasi aƙalla sau ɗaya a zango. Amma akwai sharuɗɗa, kuma zan faɗe su, domin ni ma na yi tuntuɓe kafin in gane su.

DAGA INA ABIN YA FITO?

A shekarar 2007, a birnin Kyoto na ƙasar Japan, wani mutum mai suna Takao Kato ya shirya wani wasa. Sai a tara mutane a ɗaki guda, a ɓoye alamu da tambayoyi a cikin ɗakin, su kuma su yi ta bincike suna warwarewa har su sami hanyar fita kafin lokaci ya cika. Abin ya karɓu ƙwarai. A shekarar 2011 aka buɗe irinsa a birnin Budapest na ƙasar Hangari, daga nan ya bazu zuwa manyan biranen duniya. Mutane da girmansu suna biyan kuɗi don kawai su wahalar da ƙwaƙwalwarsu na awa guda.

Malaman makaranta suka lura da wannan. Suka ce, in har baligi zai biya kuɗi don a ba shi tambaya mai wuya, to me zai hana a kawo dabarar cikin aji, inda muke roƙon yara su yi aiki suna hamma? A shekarar 2015 a ƙasar Amurka, wani tsohon malamin makaranta mai suna James Sanders da abokan aikinsa suka fito da abin da suka kira Breakout EDU. Sun juya wasan ne. Maimakon a kulle mutane su nemi fita, sai a kulle akwati su nemi abin da ke ciki. Lambar da za ta buɗe kowane kwaɗo kuwa tana ɓoye a cikin darasin da aka koya musu.

Ni dai a wayar ƙanena na fara ganin abin. Akwatina kuwa ba daga Amurka ya zo ba. Tsohon akwatin da na tafi kwalejin horon malamai da shi ne, ya yi shekaru a ƙarƙashin gado. Na kai shi Panteka, wani mai walda ya yi masa kunnuwan saƙala kwaɗo. Na shiga babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wajen masu sayar da jakar tafiya, na sayo kwaɗo mai lamba guda biyu, ɗaya mai gida uku, ɗaya mai gida huɗu. Na ukun kwaɗon mabuɗi ne na gida. Iyakar kayan aikin ke nan.

ABIN DA KE CIKIN TAKARDUN

Domin iyaye su yi hukunci da kansu ko wasa ne ko karatu, bari in kawo tambayoyin da na ba yaran a ranar.

Takarda ta farko, zane ne mai gida tara, uku a kwance, uku a tsaye. An ce su zuba lamba 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla iri ɗaya. Na sa musu 8 da 1 a gida biyu na farkon layin sama, ban kuma faɗa musu jimlar ba. Layin ƙasa shi ne lambar kwaɗo mai gida uku. Wanda ya tsaya ya yi tunani zai ga cewa in an haɗa 1 zuwa 9 za a sami 45, in an raba wa layi uku kowane zai sami 15. Daga nan sai 6 ta cika layin sama, 5 ta zauna a tsakiya, layin ƙasa ya fito 4, 9, 2.

Takarda ta biyu ta ce: shekarun wani uba sun ninka na ɗansa sau uku, in an haɗa shekarunsu 64 ne. Rubuta shekarun ɗan, ka bi da na uban. Wannan shi ne ainihin darasin da muka yi mako biyu muna fama da shi a allo, wato neman lambar da ba a sani ba. Ɗan yana da 16, uban 48, kwaɗo mai gida huɗu zai buɗe a kan 1648.

Takarda ta uku tsohuwar tambaya ce da yawancinmu muka ji a bakin kakanni. Mutum ya zo bakin Kogin Kaduna da kura, da akuya, da damin harawa. Kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, kura za ta yi ɓarna. In ya bar akuya da harawa, ita ma haka. Sau nawa zai ƙetare ruwa, zuwa da dawowa, kafin ya tsallakar da su duka lafiya? Na jera ambulan goma a kan tebur, kowanne da lambarsa da mabuɗi a ciki, amma ɗaya ne kawai na gaskiya. Amsar ita ce 7, kuma ba a kai ga ita sai an yarda a dawo da akuyar baya sau ɗaya.

Babu ɗaya daga cikin ukun nan da za a amsa da hadda. Wannan shi ne jigon maganata.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Na yi shekaru ina koyarwa, kuma na san wata cuta da ke damun ajujuwanmu. Yaro zai yi lissafi, ya ɗago kai ya dubi fuskar malami. In ya ga malami ya ɗaure fuska sai ya goge, in ya ga murmushi sai ya bari. Fuskar malami yake karantawa, ba lissafin ba. Wani kuma zai jira sai an rubuta gyara a allo ya kwafe da kyakkyawan rubutu, uwarsa ta duba littafi ta ga ya cika, ta ji daɗi. Ranar jarrabawa sai a ga babu komai a kai.

Kwaɗo ba shi da fuska. Bai san ɗan shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ba, bai san ɗan mai gadi ba. Ba a roƙonsa, ba a yi masa kuka, ba a kai masa gaisuwa a gida. In lambar daidai ce zai buɗe, in ba daidai ba ce zai yi shiru. Kuma shirun nasa ba ya kunyata kowa. Ba ya jan layi da jar tawada, ba ya cewa "daƙiƙi", ba ya sa aji su yi dariya. Na ga yaron da in na mayar masa da littafi da gyara sai ya tura shi cikin jaka ko dubawa bai yi ba, amma da kwaɗo ya ƙi buɗe masa, da gudu ya koma wurin 'yan rukuninsa yana cewa, "Ku kawo takardar, akwai inda muka ɓata." Shekara nawa ina neman hanyar da zan sa yaro ya koma ya nemi kuskurensa da kansa, sai ga ƙaramin ƙarfe ya yi mini aikin.

Abu na biyu, yaran sun karanta tambaya. Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san cewa maki da yawa suna zubewa ne domin ɗalibi bai tsaya ya ga abin da aka tambaye shi ba. Wani rukuni ya sami 16 da 48 daidai, amma suka sa 4816, kwaɗo ya ƙi. Sai da suka koma suka karanta a hankali suka ga an ce a fara da shekarun ɗan. Ina da tabbacin ba za su manta da wannan ba, ko da sun manta da duk gargaɗin da na yi musu a bakin allo.

Abu na uku ya fi taɓa mini zuciya. Akwai wata yarinya a ajin da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun da aka fara zango. Makinta na tsaka-tsaki ne, ni kuma, in faɗi gaskiya, na sa ta cikin waɗanda za su wuce kawai. A kan tambayar kwalekwale rukuninta ya cije, maza masu baki suna ta gardama. Sai na ji ta ce a hankali, "Ai ba a ce ba za a iya dawowa da akuyar ba." Babu wanda ya saurare ta sai da ta maimaita har sau uku. Ita ce ta fara gano hanyar a cikin yara 54. Da allo da alli kaɗai, da har ta bar ajina ban san irin kan da Allah ya ba ta ba.

Wannan yana da alaƙa da wata babbar damuwa ta ƙasarmu, wato satar jarrabawa. A shekarar 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai ɗaurin shekara 21 a kan wannan laifi. A shekarar 1999 aka sake yin wata dokar musamman a kansa. Duk da haka har yau muna jin labarin iyayen da ke kwashe 'ya'yansu a aji na ƙarshe su kai su inda za a "taimake" su. Doka tana tsoratarwa, amma ba ta iya ɗanɗana wa yaro daɗin gano amsa da kansa. Yaron da aka saba ɗura masa amsa, ranar da aka hana shi sai ya nemi ta sata, domin bai san yana iya samo ta ba. Wanda ya taɓa jin ƙarar kwaɗo ya buɗe a hannunsa bayan ya sha wuya, ya san wani abu game da kansa wanda ba a saye da kuɗi. Ban ce akwati zai kashe satar jarrabawa ba. Na dai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma aji biyu ɗanyen icce ne.

BA BAƘON ABU BA NE A WURINMU

Wasu sun ce wannan al'adar Turawa ce. Akwatin da kwaɗon ne kawai sabo. Wa a cikinmu bai zauna a tsakar gida da dare ana kacici-kacici ba? Tsohuwa za ta jefo tambaya, yara su yi ta laluben amsa, ita kuwa ba za ta faɗa ba sai an gaji an ce, "Na ba ki gari." Ta san in ta yi saurin faɗa ta kashe wasan, ta kuma kashe tunanin. Masu dara a gindin bishiya ma haka suke, kowane motsi sai an lissafa abin da zai biyo baya.

Shi kansa zanen nan mai gida tara yana da tarihi a ƙasar Hausa. Wani masanin lissafi Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 a kan hanyoyin gina irin waɗannan gidajen lamba. Ya rasu a birnin Alƙahira a shekarar 1741, kuma har yau masu nazarin tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa. Na san wasu sun san irin wannan zane da sunan hatimi, kuma an yi amfani da shi a wasu hanyoyin da ba na makaranta ba. Abin da ya shafe mu a aji shi ne lissafin da ke ciki. Da na gaya wa yaran cewa mutumin Katsina ya yi suna a wannan fanni kusan shekara 300 da suka wuce, sai na ga sun gyara zama. Da yawansu suna zaton lissafi a jirgin ruwa aka kawo mana shi.

INDA NA YI KUSKURE

Kada wani malami ya ji wannan yabo ya ruga kasuwa. Gwajina na farko ya zo da matsaloli huɗu, kuma duk laifina ne.

Na farko, wani rukuni ya buɗe kwaɗo mai gida uku ba tare da ya gama lissafin ba. Sun sami 4 da 9, sai wani yaro mai wayo ya tsaya yana juya gidan ƙarshe ɗaya bayan ɗaya har ya buɗe. Da farko raina ya ɓaci. Daga baya na ga ai darasi ya kawo mini. Washegari muka lissafa tare: kwaɗo mai gida uku yana da lamba 1,000 da za a iya gwadawa, daga 000 zuwa 999. In kowane gwaji zai ci daƙiƙa uku, sai an yi minti 50 kafin a gama su, wato ƙararrawa ta riga ta kaɗa. Mai gida huɗu kuwa 10,000 ne. Amma in ka san gida biyu daga cikin uku, gwaji goma kawai ya rage maka. Tun daga ranar na kafa doka: babu mai taɓa kwaɗo sai ya nuna mini aikinsa a takarda, kuma kowane rukuni gwaji uku gare shi.

Na biyu, na sa rukunoni shida suna tsere a kan akwati ɗaya, na kuma zuba biskit a ciki don wanda ya riga. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Rukunin da ya ci ya yi ta yi wa sauran gwalo, wasu suka ce an leƙa takardarsu, har yara biyu suka daina magana da juna na kwana biyu. Sai na koma Panteka aka ƙara wa akwatin kunnuwa suka zama shida, na ƙaro kwaɗo. Yanzu kowane rukuni da nasa kwaɗon da nasa tambayoyin, akwatin kuma ba ya buɗuwa sai duka shidan sun fita. Rukunin da ya riga gamawa ba shi da abin murna tukuna, dole ya je ya taimaki na baya, da sharaɗin ya yi bayani, kada ya faɗi lamba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin akwatin kuma na daina sa abin ci. Takarda ce kawai da kowa zai sa hannu a kai, mu manna a bango da kwanan wata.

Na uku, a wasu rukunonin yaro ɗaya mai ƙoƙari ya ƙwace takarda ya yi komai, takwas suna kallo. Maganin wannan shi ne raba aiki. Wannan shi ke karantawa, wannan shi ke rubutu, wancan shi ke zuwa wurin kwaɗo, kuma ni nake zaɓen wanda zai yi mini bayanin yadda aka sami amsar. In wanda na nuna ya kasa, rukunin ya koma ya koya masa.

Na huɗu, na bar rukunin da ya cije ya daɗe a cije har suka fid da rai suka koma hira. A nan ne dabarar kakanninmu ta cece ni. Yanzu ina ba kowane rukuni 'yan takardu biyu, kowace da sunan gari, misali Zariya da Kafanchan. In sun rasa mafita sai su ce, "Malam, mun ba ka gari." In karɓi takarda ɗaya, in nuna musu bakin hanya, ba amsar ba. Abin mamaki, da yawa sukan gama da garuruwansu a hannu, domin ba sa son su bayar.

AMSA GA MASU SHAKKA

Abokin aikina ya ce manhaja tana da yawa, lokaci kuma kaɗan ne. Gaskiyarsa. Shi ya sa ban ce a yi kowane mako ba. Akwati ba ya koyar da sabon darasi. Wanda bai san yadda ake neman lambar da ba a sani ba, ko ya kwana gaban kwaɗo ba zai buɗe ba. Sai an koyar a allo, an yi aikin aji, an yi na gida, sannan a kawo akwati a makon bita, a lokacin da dama mun saba cika allo da tsofaffin tambayoyi yara suna gyangyaɗi. Darasi biyu a haɗe, minti 80, sun isa. Minti 20 na ƙarshe kuma na zama ne a rubuta a littafi yadda aka warware kowace tambaya. A ranar farko ban yi haka ba, shi ya sa uwar nan ta ga littafi babu komai, kuma ƙorafinta daidai ne.

Wani ya ce kuɗi fa? Tsohon akwati yana kusan kowane gida, kwaɗo kuma ana sake masa lamba a yi ta amfani da shi shekara da shekaru. Akwati ɗaya zai zagaya makaranta duka. Ba ya bukatar wutar lantarki, ba ya bukatar kwamfuta ko intanet. Abin da yake ci shi ne lokacin malami, domin shirya tambaya mai kyau ya fi rubuta tambaya ashirin a allo wuya. In ka sa lambar kwaɗo ta zama shekarar samun 'yancin kai, yaro ɗaya zai yi ihu ya ce 1960, shi ke nan an gama, ba wanda ya yi tunani. Amma malamin tarihi zai iya ba su abubuwa huɗu, kamar haɗe Kudu da Arewa a 1914, da dawo da hedkwatar Arewa Kaduna a 1917, da samun 'yanci a 1960, da cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna a 1987, kowanne da lambarsa, ba tare da shekarun ba, ya ce su jera su daga na farko zuwa na ƙarshe. Malamar Turanci da malamin kimiyya su ma kowa ya san inda zai ɓoye tasa lambar.

Wani dattijo a ikkilisiya ya tambaye ni ko wannan ba ɗan'uwan caca ba ne, tun da lamba ake nema. Na ce masa, Baba, mai caca sa'a yake jira, kuma abin da ya samu daga aljihun wani ya fito. A nan kuwa mun toshe ƙofar sa'a da gangan, wanda bai yi aiki ba ba ya ko taɓa kwaɗon, kuma in akwati ya buɗe kowa ne ya ci.

Sai magana mafi nauyi. Da wasu iyaye suka ji asalin wasan, cewa mutane ake rufewa a ɗaki, hankalinsu ya tashi. Suna da dalili. Mu mutanen Kaduna ba mu manta da watan Yuli na shekarar 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, ko abin da ya faru a Kuriga a watan Maris na 2024. A garin da aka sha irin wannan, ba a wasa da kalmar tsare yaro. A can Turai ma, a watan Janairu na 2019, 'yan mata biyar sun rasu a garin Koszalin na ƙasar Polan sa'ad da gobara ta tashi suna rufe a irin wannan ɗakin wasa. Saboda haka ina so iyaye su ji wannan da kyau: akwati ake kullewa, ba a taɓa kulle ƙofa. Ƙofar aji da tagogi a buɗe suke daga farko har ƙarshe, malami yana ciki. Ba a kuma ƙirƙiro labarin sata ko kamu ko tsoro don a ƙara wa wasan armashi. Duk malamin da zai ari akwatina, wannan shi ne sharaɗi na farko.

ROƘONA

Ga hukumar makaranta, ina roƙon a ba kowane aji darasi biyu a haɗe a makon bita na kowane zango domin wannan aiki, a gwada na shekara guda, sannan a zauna a duba. In ba a ga amfani ba, ni da kaina zan mayar da akwatina ƙarƙashin gado. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga 'yan'uwana malamai, na san surutun ajina ya dami maƙwabta, ina kuma neman gafara. Amma ina gayyatarku ku shigo ku tsaya minti goma ku saurari abin da yaran ke faɗa a cikin surutun. Gani ya kori ji.

Ga iyaye, in yaro ya dawo yana ba da labarin akwati, kada ku tsaya a kan ko an buɗe. Ku ce ya nuna muku yadda aka sami lambar. In ya iya bayyana muku har kuka gane, to kuɗinku bai faɗi a banza ba. In ya kasa, ku zo ku same ni.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu barinmu a bana, za ku tarar da ƙofofi da yawa a rufe a gabanku. Za a sami masu ce muku akwai wanda ke sayar da mabuɗi a bayan fage. Ku tuna da abin da kuka yi a aji ranar da kwaɗo ya ƙi: kun koma kun sake karanta tambayar, kun nemi inda kuka ɓata, kun saurari wanda ba ya yawan magana.

Kafin in ajiye alƙalami, ga aikin hutu. Akwatin yana ɗakin malamai da kwaɗo ɗaya mai gida uku. Lambar tsakiya ta ninka ta farko sau biyu. Ta ƙarshe ta fi ta tsakiya da ɗaya. In ka haɗa ukun za ka sami 16. Duk wanda ya samo, ɗalibi ne ko malami ko uba ko uwa, ya zo ranar da aka dawo hutu da aikinsa a rubuce. Gwaji ɗaya ne kawai, kuma ba na karɓar gari.

Allah ya ba mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Amin.